Ranar da Kawu ya ba da canji sau biyu

Wata bakwai na yi ban taka Kumasi ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kira Kawu daga Lome, amsar kuwa ba ta canzawa: "Lafiya lau, sai godiya. Ya kasuwa? Ya iyalin?" Minti uku mun yi sallama. Da wannan nake kwantar da hankalina, in kuma kwantar da na mahaifiyata a Katsina, wadda shi kaɗai ya rage mata cikin 'yan ɗakinsu.

Ranar da na iso ban sauka a gida ba, rumfarsa ta goro na wuce. Ina zaune a kan benci muna gaisawa wata mata ta zo ta sayi goro na sidi 30, ta miƙa 50. Kawu ya ciro 20 ya ba ta, ya juyo yana tambayata labarin hanya. Tana cikin ɗaure ledarta sai ya sake sa hannu a aljihu, ya ciro wata 20 ya miƙa mata. Matar nan, Allah ya saka mata da alheri, ta ce, "Alhaji, ai ka ba ni." Ya yi dariya ya ce gwada ta yake yi. Ni ma na taya shi. Yaron rumfa ne bai yi dariya ba. Ya dube ni ya sunkuyar da kai, a nan na gane ba yau aka fara ba.

Wanda bai san Kawu ba zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, mutum ne da ya biyo mahaifinsa Kumasi tun yana yaro, ya ga korar baƙi ta 1969, ya tafi gida ya dawo, ya shekara fiye da hamsin hannunsa na cikin huhun goro. Ido a rufe yana raba marsa da minu, yana taɓa goro ya ce maka wannan sankara ta shige shi. Lissafin mota guda yakan yi shi da ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Irin wannan mutumin ba ya ba da canji sau biyu.

Da daddare na ce a ɗauko mini littafin bashi. Rubutu na ƙarshe a ciki tun kafin azumi ne. A wayarsa saƙonni sun taru ba a buɗe ba. Sannan yaron ya gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa wanda ya gada a rumfar korarsa aka yi, wai kuɗi na ɓacewa a hannunsa.

Awon da ba a sa allura

Da muka fara zaryar asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta yi wa Kawu tambayoyin da na ɗauka hira ce kawai. Wa ke ɗaukar maka ruwan wanka? Wa ke riƙe maka kuɗi? Magani kai kake tunawa ka sha, ko sai an miƙo maka? Ashe awo ne, kuma tsohon awo.

A 1963 wani likita a garin Cleveland na Amurka, Sidney Katz, shi da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni mai abu shida da ake gane ko tsoho na iya riƙe kansa: wanka, sa tufafi, shiga bayan gida, tashi daga gado ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da kai loma baki. Sun lura cewa abubuwan nan ba a hargitse suke suɓucewa ba. Wanka da sa kaya su kan fara gagara, cin abinci shi kan rage a ƙarshe, kamar dai yadda yaro ke koyonsu amma a juye. Bayan shekara shida, a 1969, wasu masana biyu a Philadelphia, Lawton da Brody, suka ƙara jeri na biyu mai abu takwas: amfani da waya, cefane, girki, gyaran gida, wanki, shiga mota zuwa wani wuri, shan magani a kan ƙa'ida, da sarrafa kuɗi. Waɗannan su suka fi saurin lalacewa, domin kowannensu na buƙatar ido da kunne da tunani su yi aiki tare a lokaci guda.

Ka dubi jeri na biyun nan da idon ɗan kasuwa. Waya, kuɗi, sayayya, hawa mota: ai sana'ar tamu ke nan kaf. Ma'aikacin gwamnati yana da ranar ritaya, ya koma gida tsufa ya same shi a kan tabarma. Ɗan kasuwa ba shi da wannan ranar. Shi a cikin aljihun rumfa tsufansa ke fara bayyana, mu kuwa in muka ga jari na raguwa abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne ɓarawo, ko bakin mutane, ko sammu. Ba ma cewa a kai Alhaji a duba masa ido.

Kuɗi huɗu a kai ɗaya

Sai da na zauna kwana uku a rumfar sannan na fahimci nauyin da kan Kawu ke ɗauke da shi. Gana ta canza kuɗinta a Yulin 2007, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwar sidi 1, amma shi da sa'o'insa har yau da tsohuwar suke magana. In ya ce miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. Abokan cinikinsa na Nijar da Burkina da sefa suke zuwa, su kuma da dala suke ƙirga, dala ɗaya faran 5, jaka guda dala 200. Na Kano da Sakkwato suna tayi da naira, wadda farashinta na yau ba shi ne na jiya ba. Duk wannan juyi a ka ake yinsa, a tsakiyar hayaniyar kasuwa, wani na sallama, wani na roƙon ragi.

Abin da shekaru ke ragewa a nan ba sanin ba ne. Kawu bai manta dala nawa ce jaka ba. Saurin ne ke raguwa, da kuma iya riƙe abu biyu a kai lokaci guda. In an bar shi ya gama lissafinsa babu mai katse shi, daidai yake fitowa. In aka yi masa magana a tsakiya, kamar yadda na yi ranar nan, zaren ya tsinke sai ya koma farko.

Ga kuma kuɗin waya da ya zo ya tarar da su da furfura. Rubutu ƙanana, lambobi a jere, in ka yi jinkiri shafin ya rufe sai ka sake. Kawu ya gaji, ya gaya wa mai kiyos lambar sirrinsa domin ya riƙa danna masa. Wannan mai amana ne, Allah ya kiyaye. Wanda ba mai amana ba a waya ya kira, da ladabi da Hausa mai kyau, ya ce ya yi kuskuren turo kuɗin maganin mahaifiyarsa a lambar Alhaji, don Allah a taimaka a mayar masa. Ya bi da shi mataki-mataki har aka kwashe abin da ke ciki. Kawu bai gaya wa kowa ba sai bayan wata biyu. Ba asarar ce ta rufe masa baki ba, kunya ce: shi da ake kawo wa ƙarar 'yan damfara ya yi sulhu.

Mu 'ya'ya da muka haɗa waɗannan labarai, nan da nan muka yanke hukunci: gigin tsufa ya kama Kawu. Likitan ido ne ya fara warware mana. Yana ce ta rufe idon dama kusan duka, ta kama na hagu. Yanar ido tana zuwa ne a hankali, babu ciwo, ta dusashe launi, ta sa hasken rana ya riƙa kashe ido. Mutumin da ya saba gane takardar kuɗi da launinta, ka ga inda matsalar take. Littafin bashi ma ba mantawa ya yi da shi ba, layin ne ba ya gani, kuma ba zai ce wa yaro zo ka rubuta mini sirrin mutane ba. A ɗakin duba kunne aka wanke masa dauɗar da ta toshe kunne ɗaya, ɗayan kuma aka ce jinsa ya ragu irin na shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su walwala. Irin wannan rauni yakan sa mutum ya ji ana magana amma kalmomin su cakuɗe masa, musamman a cikin taro. Sai ya riƙa cewa "to, to" ga abin da bai ji ba. A kasuwa kuwa "to" sallamawa ce.

Aikin cire yana bai kai rabin awa ba, ba a sa shi barci ba, ido kawai aka kashe. Bayan makonni aka yi ɗayan. Ranar da aka cire bandeji ya dubi Hajiya ya ce, "Ashe kin tsufa haka?" Ta ce masa ya nemi madubi. Abu ɗaya zan roƙa a nan: masu yawo gari-gari suna tura yanar cikin ido da tsinke, har yanzu suna nan a ƙasashenmu, kuma idanu da yawa sun mutu a hannunsu. Kada a kai musu tsoho don gudun layin asibiti. A Gana ma inshorar lafiya ta ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara, sai ɗan abin sabunta kati, kuma cire yana na cikin ayyukan da take biya. A dai duba ko katin bai mutu ba.

Laifina a cikin ledar magani

Akwai wanda ni na jawo. Kawu na da hawan jini. A ledar maganinsa na tarar da kwali uku: ɗaya na asibitin Kumasi, ɗaya wani ɗan'uwa ya kawo masa tsaraba daga Kano, ɗaya kuma ni na aiko daga Lome da rubutun Faransanci a jiki. Suna daban, launi daban. Mai kemis ya duba ya ce duka ukun magani ɗaya ne, amlodipine. Wata rana Kawu ya sha ɗaya, wata rana ya haɗa biyu, ranar da kai ya yi masa nauyi ya sha ukun don ya fi ƙarfi. Jirin da yake gani in ya miƙe daga zaune, wanda muke ce wa rashin jini muna saya masa maltina, daga nan yake.

Wannan cuta ce ta gidajen matafiya. Kowane ɗa yana son ya nuna bai manta ba, kowa na aikowa daga ƙasar da yake. Yanzu mun daina. Magani daga wuri ɗaya ake karɓa, mutum ɗaya ke zuba shi a ƙaramin akwati mai ɗaki bakwai duk ranar Lahadi, kuma duk zuwa asibiti da ledar gaba ɗaya ake tafiya, har da na gargajiya da garin da ake sha a koko.

Ban ce komai ya dawo ba fa. Bayan ido da kunne da magani, da saura. Kawu yakan maimaita tambaya, yakan nemi sunan wanda ya sani shekara talatin. Likita ya ce a riƙa kawo shi ana bibiya. Ya kuma ja mana kunne kan wani bambanci da ban taɓa sani ba. Mantuwar da ke tafiya a hankali cikin watanni da shekaru daban, ruɗewar da ta zo dare ɗaya daban. Tsohon da jiya yake lafiya yau bai san inda yake ba, ko yana surutai, ko barci ya danne shi, yawanci wani ciwo ne a jiki: zazzaɓi, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, ko wani magani. Wannan asibiti ake kai shi a ranar, kuma sau da yawa yana warwarewa. Haka in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe. Ba a jira gari ya waye, ba a tsaya neman mai ruƙiyya tukuna.

Hajiya da butar alwala

Duk hankalinmu na kan Kawu, ba wanda ya dubi Hajiya. Tsufan mace a gidajenmu ɓoyayye ne, domin duk abin da ya gagare ta akwai suruka ko jika da za ta karɓa shiru, ba wanda zai ce an karɓa. Ni da abinci na gane. Gidan da ba a kwana ba a tuƙa tuwo ba, sai na ga koko da ƙosai na saye da safe, da dare burodi da shayi. Kafaɗa ta daina ɗaukar muciya.

Gidan haya ne irin na Aboabo, ɗakuna a kewaye, iyali takwas, banɗaki ɗaya a can ƙurya, sai ka tsallake kwata kafin ka kai. Masai na tsugunno ne. Gwiwar Hajiya kuwa ta daɗe da ƙin lanƙwasa. In ta tsuguna sai ta dafa bango ta yi ta addu'a kafin ta miƙe. Dabarar da ta yi wa kanta ita ce daina shan ruwa daga la'asar, don kada fitsari ya tashe ta da dare. Dama tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro ko da jikinsa na buƙata. Ga zafi, ga azumin Litinin da Alhamis. Wata asuba an ɗauke wuta, ta fita da buta, jiri ya ɗebe ta a kan gansakukar bakin banɗaki. Wuyan hannu ne ya karye. Mai ɗori da likita duk abu ɗaya suka faɗa: a gode wa Allah ba ƙugu ba ne, domin tsofaffi da yawa daga karayar ƙugu ba sa sake takawa.

Ba ita kaɗai ba ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ƙiyasi ba ya nunawa shi ne tsoron da ke biyo baya. Hannun Hajiya ya warke cikin makonni, amma ta daina zuwa islamiyya, ta daina zuwa barka da gaisuwar mutuwa, wanka ma sai ta kwana biyu tana ɗagawa.

Gyaran da muka yi bai kai kuɗin ɗinkin sallah ba. Kafinta ya yi kujera mai rami da hannuwa da ake ɗorawa a kan masai, da wata mai bokiti a ƙasa da ke kwana a ɗaki bayan labule. Mai walda ya kafa bututun ƙarfe a bangon banɗaki don dafawa. Aka sa fitila mai aiki da hasken rana a tsakar gida, aka rufe kwatar da katako mai kauri, aka raba wa yara aikin goge gansakuka. Kujerar alwala aka ƙara mata tsawo, domin 'yar tsugunno zama a kanta da sauƙi, tashi ne aiki. Silifas ɗin da ya siɗe aka jefar. Abin da ya fi wuya shi ne sallah a zaune. Hajiya ta san hukuncin sarai, ta san wanda bai iya tsayuwa ba an yarje masa ya zauna, amma tana ganin ranar da ta hau kujera ta sallama. Sai da malamar islamiyyarsu, wadda ta girme ta, ta zo ta yi la'asar a kan kujera a gabanta.

"Kawu ya huta"

Kuskurenmu mafi girma da kyakkyawar niyya muka yi shi. Bayan labarin damfara ya fito muka yi taro a WhatsApp, 'ya'ya da 'ya'yan 'yan'uwa daga ƙasa huɗu. Aka ce Kawu ya yi mana komai, lokaci ya yi da zai huta. Aka damƙa rumfa a hannun babban ɗansa, aka yanka masa kuɗin wata, aka saya masa talabijin babba. Ba wanda ya tambaye shi. Da aka gaya masa cewa ya yi, "To, Allah ya yi albarka." Muka ɗauka ya yarda.

Garin gyaran gira muka kusa rasa ido. Cikin wata uku mutumin da ke taka ƙafa zuwa rumfa ya dawo kullum, ya koma sai an kama shi ya tashi daga tabarma. Masallacin ƙofar gida ya koma na Juma'a kawai. Abinci ya ragu, magana ta ragu, barcin rana ya ƙaru, dare kuma ido biyu. Mantuwar da muke gudu sai ta ninka, don ba ranar kasuwa balle ya san yau wace rana.

Jiki ba ya ajiye abin da ba a amfani da shi. Tun daga shekara 30 tsoka ke raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma kacal, suka rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Matashi in ya kwanta ya tashi yakan mayar da abinsa. Tsoho sai da wahala. Tafiyar nan ta zuwa rumfa, da tashi a gaida baƙo, da sunkuyawa a buɗe huhu, da sahu biyar na masallaci, su ne motsa jikin Kawu, su ne kuma agogonsa. Mu muka cire su duka a rana ɗaya muka ce masa hutu ne.

Hajiya ce ta kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, ku mayar da shi kasuwa ko ku zo ku yi masa sutura."

Da muka mayar da shi, sai muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko, wato muka rarraba aikin muka duba wanne ne ya gagara. Zaɓen goro bai gagara ba. Sanin wanda za a ba bashi da wanda za a ce wa Allah ya kawo kasuwa bai gagara ba, a nan ma ya fi ɗansa nesa. Tayi da sallamawa nasa ne. Abin da aka karɓa uku ne kawai: ƙirga canji, rubutu, da kuɗin waya. Babban jari yana wani asusu, na hannunsa kuma ba ya wuce abin da in ya ɓata ba za a yi kuka ba, kuma ba mai tambayarsa me ya yi da shi. Dattijon da sai ya roƙi ɗansa kuɗin da zai ba almajiri sadaka, an gama da shi.

A mayar da su gida?

Duk taron dangi sai wani ya kawo wannan: a kwashe su a mayar Katsina, cikin 'yan'uwa, a gidan gado. Ga wasu tsofaffin hakan ne daidai, musamman wanda ya zo da girmansa kuma zuciyarsa na can. Amma wanda ya shekara hamsin a zango, ina ne gidan? Abokan Kawu na hira a Kumasi suke, waɗanda suka rasu a nan aka binne su. Ƙafarsa ta haddace kowane dutse tsakanin ɗakinsa da masallaci. Tsohon da ido da tunani suka fara rauni da sabo yake tafiya. In ka ɗauke shi ka kai gidan da bai san inda dokin ƙofa yake ba, ko da tayil ne da fanka, ka ƙara masa ruɗewa ka ƙara masa haɗarin faɗuwa. In dai za a yi ƙaurar, a yi ta tun da sauran ƙarfi, kuma da bakinsa.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan kuwa nasu a juye yake: su ne a Duwala ko Kwatano ko Njamena, tsofaffin na gida. Ana tura kuɗi duk wata, kuma Allah ya ba da lada. Sai dai kuɗi ba ya ɗaga bokiti. Akwai wadda ke ɗagawa, yawanci matar ƙanin da ya zauna a gida, ko yarinyar da aka cire daga makaranta "ta taya Kaka zama". Ita ya kamata a riƙa kira ana tambaya, a kuma sa ta cikin lissafin abin da ake aikowa, a samo mai karɓarta ko kwana biyu ne a mako. Yarinyar kuma a mayar da ita aji.

Tambayar "ya jiki?" ba ta da amsa sai "da sauƙi". Na koyi canza ta. Baba, a ina ka yi asuba yau? Inna, me aka dafa jiya, wa ya dafa? Yaushe rabonki da gidan Goggo? Wa ya karanta maka saƙon da na turo? Amsoshin nan ba a iya rufe su da godiya. In kuma ka je ganin gida, kafin ka buɗe tsaraba ka zauna ka kalli yadda tsohon ke tashi daga kujera. Likitoci na da gwaji mai sauƙi: ya tashi, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In abin ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa. Ba sai ka ce masa gwaji kake yi ba. Ka dubi farcen ƙafarsa ma. Wanda ya bar shi ya yi zaƙo-zaƙo, sunkuyawa ce ta gagara.

Zuwana na ƙarshe na tarar da Kawu a kan bencinsa, sanda a jingine, tabarau a hanci, yana tsince daushe. Jikarsa da ta gama sakandare tana gefe da waya da littafi. Wani baƙo daga Yamai ya taya, Kawu ya ce albarka, ya faɗi nasa farashin da miliyoyin tsohuwar sidi, yarinyar ta juya wa baƙon zuwa jaka, aka daidaita. Da suka tafi ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaron nan da na kora," ya ce. "Ka san inda yake?"

Na ce an ce yana Techiman yana dakon doya.

Ya yi shiru yana juya goro ɗaya a hannu. Sannan ya ce in nemo masa shi, yana da magana da shi, kuma kada in bari a kai azumi. Lambar da aka ba ni ba ta shiga. Jibi akwai motar goro da za ta bi ta can, na ba direban saƙo.